Milimita Ɗaya

Abdulbaƙi ya turo babur ɗin har gaban teburin masu binciken baburan tsere, Lao Liang mai gareji ya zura masa matokarin ƙarfe don kada ya faɗi, tunda an cire masa nasa. Abdulbaƙi ya ja da baya yana goge gumin hannunsa a jikin rigar fata da ta yi masa yawa a kafaɗa. Rigar ba tasa ba ce, babur ɗin ma haka. Duka na Tankari ne, abokinsa mutumin Maraɗi, wanda yau kwana goma sha tara da binne shi.

Shekara uku Tankari ya yi a Guangzhou. Bakanike ne, aikinsa duba injina da kayan gyaran babura kafin 'yan kasuwar Kano da na Nijar su loda su a kwantena. Ta nan suka saba da Abdulbaƙi, wanda ke zuwa sari sau biyu a shekara daga Ƙofar Ruwa. In babu aiki, a garejin Lao Liang ake samun Tankari, a wani lungu bayan titin Liuhua, yana fama da wani tsohon jan babur da ya saya na hannu. Da shi yake zagaya masana'antu, kuma da shi ya ƙudura zai shiga tseren 'yan koyo na wannan shekara ta 1998. Sai zazzaɓi ya kwantar da shi ranar wata Litinin. A asibiti, ana saura kwana biyu ya cika, ya riƙe hannun Abdulbaƙi ya roƙe shi ya hau moto ɗin a madadinsa, ko da shi zai zo na ƙarshe, don dai kada wahalar ta tafi a banza.

Abdulbaƙi bai taɓa tsere ba, kuma hakan ne ma ya ba shi damar shiga, domin ajin na waɗanda ba su taɓa yi ba ne. Lao Liang ya yi ta kai da komo har aka sauya suna a takarda, aka gwada idonsa da bugun zuciyarsa, ya yi Lahadi biyu yana koyon shan kwana a filin tseren. Ya ɗage komawarsa Kano da mako uku, bai gaya wa kowa dalili ba sai iyalan Tankari.

Mai binciken wani dattijo ne siriri mai tabarau. Ya zagaya babur ɗin a hankali yana duba takardarsa. An cire fitilu da madubai kamar yadda doka ta ce. Notin baƙin mai an huda shi an ɗaure da waya. Ya matsa birki, ya latsa tayoyi, ya juya hular kwanon ya karanta hatiminta. Duk inda ya taɓa sai ya gyaɗa kai, har ya ce wa Lao Liang wani abu da ya sa shi murmushi. Lao Liang ya fassara da guntun Turancinsa cewa ya ce mai wannan aikin yana da hannu.

Sai dattijon ya tsuguna, ya shafa mahaɗar kan injin, ya ga alamar an taɓa buɗewa. Ya ce a kwance.

Abdulbaƙi da kansa ya ɗauki sifana ya kwance. Dattijon ya zura ma'auninsa cikin silinda, wato ramin da fistin ke kai da komo a ciki, ya duba, ya cire tabarau ya goge, ya sake aunawa. Sannan ya ɗaga yatsa ɗaya. Ramin ya fi ƙa'ida faɗi da milimita ɗaya. Ajin na injin 125 ne yadda ya fito daga kamfani, wannan kuwa ya haura. Ya ce ƙarfe sha biyu zai rufe teburinsa, in an kawo silinda ta daidai kafin nan zai sake dubawa. Agogon rumfar ya nuna sha ɗaya saura kwata.

Mahayan da ke bayansu a layi suka fara ƙus-ƙus. Wani ya yi dariya. Abdulbaƙi bai ji abin da suke cewa ba, amma ya gane. Ya ji kunya ta rufe shi, bayanta kuma wani abu mai ɗaci ya biyo. Shin Tankari, mutumin da ke mayar wa masana'anta kwali guda saboda falogi ɗaya na jabu, shi ne zai yi maguɗi? Ya tattara notocin a hular kwano, suka tura babur ɗin waje.

A bayan motarsu ta ɗaukar kaya Lao Liang ya zauna a ƙasa, ya dafe kai. Da ya fara magana, rabi Turanci ne rabi nuni da hannu. Ya ce silindar ta cinye ne tun bara saboda zirga-zirgar masana'antu, Tankari ya kai aka faɗaɗa ta aka sa babban fistin don babur ya ci gaba da aiki. Da takardar dokoki ta zo, shi Lao Liang ya karanta masa, Tankari ya sayi sabuwar silinda da fistin na daidai, ya ce zai ɗaura ana saura mako guda, don kada ya gajiyar da su a hanya. Suna nan cikin kwalinsu a kan kanta, a gareji.

"Ni na manta," in ji Lao Liang, yana bugun ƙirjinsa. "Ya gaya mini. Ni na manta."

Gareji tafiyar awa biyu ce. Abdulbaƙi ya bar shi nan ya shiga rumfunan sauran mahaya ɗaya bayan ɗaya, yana riƙe da tsohuwar silindar, yana nunawa, yana cewa laoban, wato maigida, yana haɗa hannuwa. Wasu suka girgiza kai suka ce meyo, babu. Wasu ba su ko ɗago ba. Wani saurayi ya zazzage akwatinsa har ƙasa ya ciro guda, amma ta wani samfurin ce, ramukan notinta ba su hau ba. Yana tsaye da ita a hannu ya hango dattijon yana naɗe takardunsa.

Ya cire rigar fatar ya ninke, ya yi alwala da ruwan gora, ya yi azahar a inuwar mota. Yana cikin tahiya aka saki 'yan ajinsu, ƙarar ta tashi gaba ɗaya ta nufi kwanar farko. Bai je ya kalla ba. Suka ɗaure babur ɗin suka kama hanya har suka shigo cunkoson gari.

Kwalin yana inda Lao Liang ya ce, a bayan gwangwanayen giris. A jikinsa Tankari ya rubuta ranar da zai ɗaura da alƙalamin maka, da Faransanci, ya ja layi biyu a ƙasa. Abdulbaƙi ya tsaya yana kallon rubutun. Sannan ya naɗe hannun riga. Lao Liang ya ce ya bari, tsere ya wuce, sai baɗi. Abdulbaƙi ya ware takardar man da aka naɗe kayan da ita, ya zura ringi a fistin, ya shafa baƙin mai da yatsa, ya sauke silindar a hankali. Can sai Lao Liang ya jawo kujera ya zauna yana miƙo masa sifana tun kafin ya tambaya.

Wajen ƙarfe biyar wayar garejin ta yi ƙara. Harouna ne, yayan Tankari, daga Maraɗi, ta lambar da aka sanar da su rasuwa. Bayan gaisuwa ya ce ga Habsatou, matar marigayin, tun safe take zaune kusa da waya.

Muryarta ta zo a hankali, tana yankewa. Ta gaishe shi, ta yi masa ya gajiya, ya yi mata ya haƙuri. Sannan ta ce, "Malam Abdulbaƙi, moton baban Aicha na nawa ya zo?"

Ya dubi babur ɗin. Da zai ce na bakwai ko na goma, babu wanda zai taɓa ƙaryata shi.

"Ba mu shiga ba, Habsatou," ya ce. "Akwai aiki ɗaya da ya rage masa, ciwo bai bar shi ya yi ba. Ban sani ba sai a can. Ki yafe ni."

Ta tambaya ko aikin mai yawa ne. Ya ce a'a, na awa ɗaya ne, yanzu ma ya gama ɗaure notin ƙarshe.

"Kullum a wasiƙa sai ya yi zancen moton nan," ta ce. "Ni ko hotonsa ban gani ba. Shina tashi?"

Ya ce bai gwada ba tukuna. Ta ce ya gwada, tana jira.

Ya miƙa wa Lao Liang kan wayar, ya nuna masa ya jawo igiyar iya tsawonta. Ya buɗe mai, ya taka kik, bai tashi ba. Ya sake. A na uku injin ya kama, ya yi tari, sannan ya daidaita. Abdulbaƙi bai murɗa totur ba, ya bar shi yana bugawa a hankali kamar yadda ake yi wa sabon fistin. Lao Liang ya durƙusa kusa da salansa, ya riƙe wayar da hannu biyu, hayaƙi yana shiga masa ido bai kawar da kai ba.

Da Abdulbaƙi ya karɓi wayar, Harouna ne a kai. Ya ce ta shiga ɗaki, amma ta ce a gaya masa ta ji, kuma kada a sayar da moton.

Abdulbaƙi ya kashe injin. Ya tambayi Lao Liang inda zai sami kafinta mai haɗa akwatin katako, wanda babur zai shiga ba sai an wargaza shi ba.