Dutsen da Za a Kafa wa Rumfa

Tun daga nesa ta hango birkila durƙushe a kan dutsen, da burushin ƙarfe a hannunsa. Ta yar da takalmanta, ta keta laka a guje.

Ita ce masaniyar tsirrai a gandun fadamar, mijinta kuma shi ke kula da tsuntsaye. Shi ya zaɓi dutsen nan don a kafa wa baƙi rumfar kallon wani ɗan tsuntsu mai zaƙin murya da ke sheƙa a cikin dogayen ciyayi. A jikin dutsen kuwa, inda ruwa ke tsattsafowa, akwai wani koren tsiro a shimfiɗe kamar yankan hanta, faɗinsa bai wuce faranti ba.

"Ɗaga hannunka, Malam," ta ce tana haki.

"Hajiya, datti ne. Siminti ba ya kama gansakuka."

"Ɗan uwanta ne, ba ita ba ce. Kuma ya riga kakanka zama a nan."

Mijin ya ƙaraso, madubin hangen nesa na lilo a wuyansa. "Haba Uwargida, a gaban mutane?"

Nan ranta ya ƙara ɓaci. Da wannan muryar ya sace zuciyarta a makaranta, yana kwaikwayon kukan tsuntsaye har ta manta darasi.

"Tsuntsunka yana da dangi a kowace fadama, an ce babu fargaba a kansa. Nawa an sa shi cikin masu dab da ƙarewa. Ba fure, ba iri, ko saiwar kirki ba shi da ita. Naka idan an dame shi ya tashi. Wannan ina za shi?"

"Ai baƙi ba sa zuwa kallon abin da ba ya motsi."

"To don ba ya waƙa sai a kankare shi?"

Birkila ya sosa ƙeya. "Ni dai ku sasanta, kwaɓina na bushewa."

Mijin ya durƙusa, ya juya madubin, ya leƙa ta ɗaya bakin don ya ƙara wa tsiron girma. Ya ga 'yan ƙananan kofuna a jikinsa, kowanne da ɗigon ruwa. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Kai rumfar can tudu," ya ce wa birkila.

"Daga can ba a ganin tsuntsun, Oga."

"Sa ji shi."

Ba ta gode masa ba. Idonta na kan gefen da burushi ya riga ya ci, fari fat.