Koriyar Waya

A kan teburin cin abinci muka haɗa amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, ni da mijina Baban Tsigi, domin ba mu da wani teburin. Shi ya san lissafin, ni kuma hannuna ba ya rawa, saboda haka duk liƙin dalma ni na yi. Sai 'yarmu Tsigi ta yi barci nake farawa, in buɗe taga saboda hayaƙin, in na gama kuma in share ƙasa kada ta tsinci guntun waya.

Sharaɗi ɗaya na kafa. Akwatin amfilifayar na ƙarfe ne, Tsigi kuwa ta fara rarrafe, duk abin da ta kama sai ya je baki. Na ce koriyar wayar nan, wadda ke kwashe wuta daga jikin ƙarfe ta kai ta ƙasa, dole a ɗaura ta. Da hannuna na fere bakinta, na murɗa ta ƙarƙashin noti, na ɗaure tamau.

Ranar gwaji ba mu jona amfilifayar kai tsaye ba. Mun sa ƙwan lantarki tsakaninta da soket, yadda in akwai kuskure ƙwan zai haska ya tsaya, maimakon kaya su ƙone. Baban Tsigi ya kunna. Ƙwan ya yi wal, sannan ya dushe a hankali. Muka auna bakin sifika da mita, lafiya lau, muka jona tsohuwar sifikar da ko ta ƙone ba za mu yi kuka ba. Da kiɗa ya fito, Baban Tsigi ya ɗaga 'yarsa sama yana juyi da ita a tsakar ɗaki.

Sai dai akwai ƙugi. Da zarar an jona ta da kwamfuta, wani mmmm yake kwanciya ƙarƙashin kiɗan, ba ya tashi.

Dogo, abokinsa mai gyaran rediyo, ya zo gani. Ya kara kunne a sifika, ya fashe da dariya.

"Kai, amfilifaya kuka haɗa ko injin markaɗe?"

"Ka ba mu magani mana, ba ba'a ba," in ji Baban Tsigi.

"Magani ai ga shi nan. Tsinke koriyar, ka ji shiru kamar an ɗauke wuta. Duk haka muke yi a shago."

Na ce, "A shagonka wa yake rarrafe?"

"To, Injiniya ta hana," in ji Dogo, yana ɗaga hannuwa sama.

Baban Tsigi ya dube ni ya ce, "Haba Maman Tsigi, ni ma 'yata ce. Ba mai taɓa wayar nan."

Wata safiya na kai Tsigi allurar rigakafi. Da muka dawo kiɗa na tashi garau, ƙugi ya ɓace. Baban Tsigi ya ce ya sake wa wayoyin shigar sauti hanya ne, ya nisanta su da taransifoma. Na tambaye shi kai tsaye, "Koriyar fa?" Ya ɗaga murfin ya nuna mini. Ga ta nan ƙarƙashin notinta. Har kunya na ji don na tambaya. Da kaina na share kantar ƙasa, wadda ke daf da tabarmar wasan Tsigi, na ce a ajiye amfilifayar nan, ta fi kyau.

Bayan haka Tsigi ta shiga wani kuka da ban gane kansa ba. Tana cikin wasa sai ta tsandara ihu, ta rarrafo ta maƙale ƙafata. Na duba kunne, na duba ciki, na shafa mata maganin haƙori a dasashi. Har faɗa na yi mata, na ce rigima ta koya.

Ran nan da hantsi ina goge ɗaki ba takalmi, ƙasa da danshi, kiɗa na tashi ƙasa-ƙasa. Na ga Tsigi ta dafa akwatin za ta miƙe. Ta fizge hannu, bakinta a buɗe, kukan ma bai fito ba tukuna. Na sure ta, na kai bayan hannuna jikin ƙarfen. Wuta ta ja ni zirr har gwiwar hannu.

Na goya ta, na ɗauko testa mai gwada wuta na ɗora a murfin. Ta kama ja. Na zare fulogi, na kwance murfin, na kwance notin. Koriyar ta faɗo a tafin hannuna. An datse bakin da na fere, an mayar da ita ƙarƙashin notin da robarta, an ɗaure yadda duk wanda ya leƙa zai ga waya a wurinta. Aiki mai tsabta. Na san wanda aka yi wa wannan tsabtar, domin ni kaɗai ce mai leƙawa a gidan nan.

Na mayar da komai yadda na same shi. Da Baban Tsigi ya dawo daga aiki da la'asar, na miƙa masa ruwa, na bari ya sha, sannan na jona fulogi na kunna.

"Baban Tsigi, cire takalminka ka dafa akwatin nan."

Ya dubi akwatin, ya dubi ƙasar da na sake jiƙawa. Bai tambaye ni dalili ba.

"Ɗan ja ne fa kawai," ya ce. "Ba ya kisa. Dogo ya ce..."

"To dafa mana."

Bai sunkuya ba. Ya ce ya yi niyyar gyarawa in ya sami hutu, ya ce ya san in ya faɗa mini zan tada hankalina a banza.

"Kana zaune a kujerar can nake shafa mata maganin haƙori," na ce. "Kana kallona."



Na zare fulogi, na sa filaya na datse wayar wutar daga gindinta, na naɗe ta a hannuna. Na ce ya ɗauki akwatinsa ya kai shagon Dogo yau ɗin nan, kafin Tsigi ta sauka daga bayana. Ya tsaya kamar zai roƙa, sannan ya rungume shi ya fita, nauyin taransifoma yana rinjayarsa gefe guda.

Da ƙofa ta rufe na ɗauki testa na bi ɗakin, firji, fanka, dutsen guga, duk abin da ya taɓa cewa ya gyara. Sai da na gama na kwance goyon.