Wata Bakwai Ban Gani Ba

Wata bakwai Doguwa tana ɗauke da ciki a gabana, kullum ina kallonta daga takwas na safe zuwa biyar na yamma, ban gani ba. Ni da nake hango sitikar da ta karkace tun daga bakin ƙofa, ni da ke gane jarkar da aka rage wa cokali ɗaya na turare.

Sabulun ruwa muke yi, na wanke-wanke da na goge ƙasa. Wurin aikinmu ɗaki biyu ne a bayan layin masu walda. Ɗaya na haɗi, inda durom huɗu suke jere, ɗaya na ɗuri da manna sitika. Mu shida ne har da ni, duk mata. Wannan "duk mata" ɗin kuwa na ci abinci da shi, ba ƙarya. Duk taron da aka gayyace ni in yi wa masu son fara sana'a magana, da shi nake buɗe baki. Sai in ba su labarin yadda na fara: ina aiki a wani ofis, na samu cikin fari, shugabana ya kira ni ya ce kamfani ba ɗakin haihuwa ba ne, in tattara. Nan mata za su yi ta ja masa Allah ya isa, ni kuma in gyara mayafi in ce ai shi ya tura ni ga arzikina. A tafa min, in zauna.

Abin da ba na faɗa a taro shi ne labarin Maman 'Yan Biyu. Ita ce ma'aikaciyata ta farko, tun muna haɗi a bokitin fenti a tsakar gidana. Shekara biyu da suka wuce ta haihu, daidai lokacin da wani otal ya fara karɓar kayanmu. Na je na duba ta, na riƙe yaran, na ce ta huta sosai, zan kira ta. Sati uku aiki ya sha kaina, na ɗauki wata. Da ta bugo bayan wata biyu na ce ta ɗan ƙara haƙuri. Ta sake bugowa, na ga sunanta a fuskar waya, na kife wayar a kan tebur har ta gaji ta katse. Ban kore ta ba, abin da nake gaya wa kaina ke nan. Ni dai ban kira ba. Wadda na ɗauka a gurbinta ita ce Doguwa.

Doguwa ba ta da surutu, kuma Allah ya ba ta ƙashi. Idan ta kama muciyar haɗi, durom ɗin da wata za ta yi awa tana juyawa ita cikin rabin awa ya yi sumul. Mijinta ya samu karaya a wurin aikin gini, ya fi shekara yana zaune, ita ke riƙe da gidan. Na san wannan sarai, har nakan ba da misali da ita.

Alamu kam an nuna min, ni ce dai kaina ke cikin kwali. Ta nemi a ba ta babbar rigar aiki, wai tata ta matse ta, na ce, "Iyye, zama da mu ya karɓe ki." Ta koma sa takunkumi biyu a ɗakin haɗi, ta ce mura. Daga baya na lura Iya, dattijuwarmu mai manna sitika, tana barin kujerarta tana jan jarkoki zuwa bakin ƙofa, sauran ma kowace ta wuce sai ta ɗauki ɗaya. Doguwa kuma a zaune tana manna sitika, tana yi tana karkata su.

A satin nan na dawo daga wata bita ta kwana uku, kaina cike da sabon ilimi. An koya mana cewa sana'ar da ba ta da tsari ba ta girma, kowa ya san aikinsa, kowa ya tsaya a kai. Na sayo babban farin kwali, na ja layi da rula, na rubuta aikin kowa da jan biro, na manna a bango. Haɗi da lodin jarkoki: Doguwa.

Iya ta tsaya gaban kwalin ta daɗe, sannan ta ce, "Anti, da kin bar mu yadda muke. Aikin ai yana tafiya."

"Yana tafiya a karkace," na ce. "Ke da shekarunki za ki ƙare da ciwon baya, ga mai ƙarfi a zaune tana lalata min sitika. Daga yau kowa ya tsaya a layinsa."

Ni kuwa har hoton kwalin na ɗauka na tura wa 'yan bitar, suka yi ta yaba min. Sati biyu Doguwa ta yi tana ɗaga jarka mai lita ashirin da biyar ita kaɗai, ina zaune a teburina ina jin daɗin yadda tsari ya kama.

Ranar Alhamis da hantsi motar otal ta zo. Doguwa ta kai jarka ta goma sha wani abu bakin ƙofa, ta dire, ta dafa bango. Na ga ruwa a siminti ƙarƙashin ƙafarta. Na miƙe da faɗa, ina cewa sau nawa zan ce a riƙa duba murfi.

Iya ta riga ni isa wurin. Ta tallafe ta, ta juyo ta kalle ni.

"Ba jarka ba ce, Anti. Haihuwa ce ta zo, kuma lokaci bai yi ba. Ɗauko mota."

Ban san yadda na tuƙa ba. Abin da na sani, Doguwa tana kwance a baya, kanta a cinyar Iya, kuma tsakanin nishi da nishi tana cewa a gaya wa direban otal saura jarka takwas.

Da muka isa asibiti aka shige da ita, muka rage ni da Iya a benci, sai tsoro ya juye min ya zama faɗa, kamar yadda ya saba.

"Ku duka kun sani?"

"Mun sani."

"Wace irin mugunta ce wannan? Me ya hana ku gaya min?"

Iya ta cire safar hannun aiki da ta manta a hannunta, ta ninke. Ba ta ɗaga murya ba. "Mu gaya miki, ki ce ta huta za ki kira ta?"

Shekara biyu ina zaton maganar Maman 'Yan Biyu ta wuce, tunda ba wadda ta taɓa tayar da ita. Ashe ita ce babbar dokar wurin aikina, ta fi duk abin da na rubuta da jan biro. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, har na kasa zama kusa da Iya, na koma ƙarshen benci.

Namiji ta haifa, ɗan mitsitsi, aka wuce da shi kwalba da robar numfashi a hanci. Na tare likitar a hanya na tambaye ta ko ɗaukar kaya ne ya jawo. Ta ce ba za ta iya yanke hukunci ba, abubuwa da yawa kan kawo haka. Ni a'a nake so ta ce. Na sake tambaya ta wata sigar, ta sake ba ni amsar da ta ba ni.

Kwana uku ina zuwa asibiti ina tsayawa a baranda, in miƙa wa mijinta abin da na kawo, yana dogare da sandarsa yana min godiya, in juya. Godiyar nan ta fi zagi zafi. A rana ta huɗu aka ce an cire wa yaron roba, yana numfashi da kansa. Sai a ranar na iya shiga.

Doguwa tana zaune a gado, mahaifiyarta a kan tabarma a gefe. Ban gama gaishe su ba ta fara ba ni haƙuri, wai ta ɓoye min, wai ta ɓata lodin otal.

"Anti, sati biyu ya ishe ni," ta ce. "Umma za ta zauna da shi. Ni dai kar a..."

"Ba sati biyu," na katse ta. "Wata uku, wata huɗu, duk yadda ya kama. Albashinki yana tafiya, wurinki yana nan, ba mai taɓa shi. Ni ce ya kamata in nemi yafiyarki."

Ta ce ta gode. Ta kalli mahaifiyarta, mahaifiyar ta kalli ƙasa. Na zaci kuka za ta yi, har na matso in riƙe ta.

"Anti, don Allah kar ki ji haushi," ta ce a hankali. "Ki rubuta min."

Wallahi sai da raina ya ɗan sosu. Ni? A gaban uwarta? Har bakina ya buɗe zan ce maganata ba ta isa ba ne. Sai na rufe shi, don na san amsar, ita ma ta sani, Umma ma daga ganin zamanta an ba ta labari.

Na fita na roƙi nas takarda da biro. Na dawo na ɗora a kan gwiwata na rubuta duk abin da na faɗa, ban rage ko ɗaya ba. Doguwa ta karɓa ta karanta, tana bin layi da yatsa, ta kai ƙarshe ta koma farko. Sannan ta miƙo min.

"Ba ki sa hannu ba, Anti."

Na sa.