Goshin Admiral Tredgold

Duk garin Portsmouth an san yadda Horace Tredgold ya zama Admiral, babban hafsan sojan ruwa. Ya auri 'yar wani babba a London, ya samu kujera kusa da murhu, ya yi ta sa hannu a takardu har zaren zinariya na muƙami ya cika masa hannun riga. Teku kuwa rabonsa da ita tun yana saurayi, kuma ko a lokacin ma, in ji abokan tafiyarsa, kansa a cikin bokiti yake wuni yana amai. Amma ka ji shi wurin liyafa! Guguwa kaza, igwa kaza, kai ka ce shi ya haƙa tekun.

Da aka tashi naɗa sabon shugaban rundunar jiragen yaƙi, sai ya ƙwallafa rai. Magana tana hannun tsoho Lord Ashcombe, mai ɗingishi, wanda gishirin teku ya gama cinye wa fata. Aka shirya musu cin abinci a jirginmu, ni ne mai zuba giya.

Gogan naka ya iso, ƙirji duk lambobin yabo, yana tafe suna kacau-kacau kamar an saƙala wa akuya ƙararrawa. Tun daga miya har nama bai bar tsohon ya huta da labarin jarumtarsa ba. Tsohon dai tauna kawai yake yi. Ni kam haushi ya ishe ni.

Aka zo ɗaga kofi don lafiyar Sarki. Mu a jirgi a zaune ake yin wannan, saboda rufin ɗakin gajere ne. A tudu ne ake miƙewa. Ko wanda ya shigo aiki jiya ya sani. Kyaftin ɗin jirginmu ya ɗaga kofinsa ya ce, "Sarki." Kowa na zaune. Sai Tredgold ya zabura tsaye, yadda ƙafafunsa suka saba shekara da shekaru a teburan London. Ƙum! Goshi ya gamu da katakon rufi. Jar giya ta wanke lambobin tas.

Ba wanda ya yi dariya, kuma wallahi da an yi da ya fi masa sauƙi. Lord Ashcombe ya shanye nasa a hankali, ya goge baki.

"Zauna, Horace," in ji shi. "Katakon nan ya fi ka daɗewa a teku."

Wani aka ba rundunar. Tredgold kuwa aka tura shi kula da rumbunan igiya a tudu. Na gan shi ranar da ya kama aiki, ya ja hula har gira, amma ƙululun goshin bai ɓuya ba.