Shafi Goma Sha Ɗaya

Shekara bakwai Malam Muntari yana koyar da kwamfuta da alli a wata sakandaren 'yan mata a Kibiya. Kwamfutocin na nan, guda tara, a lulluɓe da zani kamar gawa, don duk ranar da aka kunna su jan rubutun Turanci kawai suke fitarwa, mai gyara kuma yana Kano. Yara suka yi ta kwafe allo, su haddace, su manta.

Bara ya sa manhajar ƙirƙirarriyar basira a wayarsa. Ya ɗauki hoton jan rubutun, ta gaya masa da Hausa inda matsalar take da abin da zai danna. Cikin mako biyu shida suka tashi. Kafin ƙarshen zango Ramlat, 'yar wani manomi a Kahu, ta haɗa 'yar manhajarta: ka sa girman gona, ta faɗa maka takin da za ta ci.

Sai ga mai duba makarantu, Alhaji Badamasi, wanda rahotonsa ke yanke malamin da zai zauna da wanda za a ɗauke. Muntari ya kunna komai, ya zaunar da Ramlat a gaba, ya ce ga manhajarta ta taki. Alhaji ko kallo bai yi ba. Ya ce a tara masa littattafan rubutu, yadda ake yi tun yana ɗalibi. Ya lashi yatsa ya hau ƙirga shafi. Na Ramlat goma sha ɗaya.

"Malam, malamin tarihi ya cika musu littafi biyu. Kai me kake yi tun Satumba?"

"Ranka ya daɗe, ka juya kawai. Aikin yana bayanka."

Alhaji ya ce shi ba kallon sinima ya zo ba, kuma takardar da aka ba shi gurbin yawan shafi ne da ita, babu gurbin taki. Shugabar makaranta, wadda ranar Litinin Ramlat ta auna wa takin gonarta, ta sa wa takalminta ido.

Bayan wata ɗaya aka mayar da Muntari wata makaranta a Madachi, inda ko wayar wuta ba ta kai ba.

Wanda ya gaje shi ya san aiki. An wanke zannuwan an mayar da su kan kwamfutocin. Ramlat tana shafi na casa'in yanzu, rubutunta tsaf, tana kwafe amfanin kwamfuta guda goma ga manomi.