Kek ɗin Jamusawa na Baba Shekari

Scholastica ta sha rana a kasuwar Sabon Gari kafin ta iso shagon Madam Oluoma, mai sayar da kayan yin kek. Duk inda ta tambayi gwangwanin ceri, jajayen 'ya'yan itacen nan na Turawa, sai a girgiza mata kai, wasu ma su ce ba su taɓa jin sunan abin ba.

"Saura ɗaya," in ji Madam Oluoma, tana goge gwangwanin da gefen zaninta. "Bikin wa za ki yi, ƙanwata?"

"Ba biki ba ne. Na Baba ne. Gobe yayana Raphael zai tafi da shi Zonkwa."

Madam Oluoma ta miƙa mata gwangwanin. Ta san Baba Shekari tun yana kuku a gidajen Turawa malaman jami'a a Samaru, lokacin da yake zuwa sayayya cikin farar riga mai sitati, yana raina fulawar kowa.

"Har yanzu bai gane ki ba?"

"Har yanzu."

Ciwon mantuwa ya ci tsohon a hankali. Ranar da ya fice daga gida Scholastica tana makarantar da take koyarwa a Palladan, aka tsince shi a Kwangila ba takalmi, ranar ce dangi suka yanke shawara ya koma wurin Raphael, tunda matar Raphael ɗin tana wuni a gida. Scholastica ba ta yi musu ba, ta san gaskiya suka faɗa. Abu ɗaya kawai take so kafin motar ta tashi: ya dube ta ya kira sunanta.

Abin haushi, girki bai bar kansa ba. Ko daga barci ka tashe shi zai zayyana maka yadda ake jiƙa biskit a kofi don tiramisu na Italiyawa, da yadda ake ƙona sukari don kirim karamel na Faransawa. Balle kek ɗin Jamusawa mai cakulan da ceri, wanda suke kira Black Forest, nan ne bakinsa ba ya gajiya. Amma 'yar cikinsa, sai ya kalle ta da ladabi ya ce, "Ke 'yar gidan wa ce?" Wannan tambaya tana ci mata rai fiye da wankin zanin gadonsa. Shi ya sa ta ƙudura za ta yi masa wannan kek, ko ya ja hankalinsa ya dawo gida.

A gida, tana cire kek ɗin daga oben aka ɗauke wuta. Ta sayo ƙanƙara a maƙwabta, ta ɗora kwanon kirim a kai, ta yi ta bugu da hannu har kafaɗarta ta ƙage. Kek ɗin ya ɗan karkace kamar hular ɗan tasha, amma ya tsaya. Ta shimfiɗa mayafin tebur na Kirsimeti, ta jera faranti, ta kamo hannun mahaifinta ta fito da shi falo. Raphael, wanda ya iso da la'asar, yana tsaye a bakin ƙofa.

Tsohon yana ganin teburin ya saki hannunta. Bayansa da ya daɗe a ranƙwashe ya miƙe. Ya ɓalla maɓallin rigarsa har wuya.

"Baba, zauna. Naka ne. Kai na yi wa."

"A'a, Madam. Mu ba ma zama a nan."

Ya ja mata kujera, ya tsaya sai da ta zauna. Ya ɗauki wuƙa, ya dubi inda kek ɗin ya karkace, ya sassaƙe gefen a natse har ya daidaita, hannun ko rawa ba ya yi. Ya yanka, ya zagayo ya ajiye mata farantin, ya koma jikin bango ya goya hannuwa a baya.

"Kirim ɗin ya ɗan saki, Madam. Laifin wuta ne, a yi haƙuri."

Raphael ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa hannu. Ta kai cokali baki saboda tsohon yana jira. Ta tauna, ta haɗiye.

"Ya yi daɗi," ta ce.

"Na gode, Madam."

Sai ya matso ya ciro hankicinsa, ya shimfiɗa a gefen tebur, ya shiga tattara guntattakin da ya sassaƙe, har da ɓurɓushi. Ya ɗan rusuna.

"Madam, in ba damuwa, zan tafi da ɗan gefen nan. Ina da yarinya a gida, Scholastica. Ba ta yarda ta kwanta sai na dawo."

Raphael ya juya ya fita waje. Ita kuwa ta zura wa hankicin ido. Tun tana yarinya ta san ƙullin da zai yi masa, ta san yadda cakulan yake mannewa a jikin ƙyallen.

"Ka tafi mata da shi duka," ta ce.

"A'a, Madam. Gefen ta fi so."

Ya ƙulle hankicin a hankali, ya sa a aljihun gaba, ya dafe shi da tafin hannu.

"To, ka gaishe ta."

"Za ta ji, Madam."