Hantar Agwagwa da Kofin Kunu

Loma ta biyu ce a bakin Asma'u sa'ad da Madam Lin ta turo mata waya ta tsakanin farantai. Abin ya yi daɗi, wannan ba ta isa ta musa ba. Hanta ce, amma ba irin ta mai tsire da ake tauna har muƙamuƙi ya gaji ba. Wannan narkewa take yi a harshe kamar man shanu. Madam Lin, mai kamfanin da ke ɗinka musu abayoyi, ita ta gayyace su cin abincin rana a wani otal da ke titin Liuhua Lu, a ƙasar wajen da suke zaune suna kasuwanci, kuma ta yi ta nanata cewa yankan Musulmi ne. Hantar agwagwa ce, wadda Faransawa ke kira fuwa-gra, daga gonar ƙaninta aka kawo.

"Wai ki ga yadda ake kiwonsu," in ji Lukman, mijin Asma'u, wanda ke yi mata tafinta.

Ta duba. Wani mutum ne a zaune, ya matse agwagwa tsakanin cinyoyinsa, ya miƙar da wuyanta, ya zura mata bututu har cikin maƙogwaro, masara na gangarawa. Da ya sake ta sai ta yi tangaɗi, baki buɗe tana haki, shi kuwa ya jawo ta gaba. Madam Lin sai murmushi take yi, tana nuna girman da hantar ke yi da hannu biyu.

Ba tausayin agwagwar ne ya fara kama Asma'u ba. Matsewar ta gane. Haka Inna, mahaifiyarta, take matse Isufu, ɗan Asma'u.

Inna ta zo daga Kano ne don renon jika, tun da Asma'u wuni take yi a kasuwar Canaan tana haɗa kayan 'yan kasuwa. Yaron bai shekara ba, ga ƙin abinci kamar wanda aka ɗora wa azumi. Ita kuwa Inna ba ta san wani abu wai shi yaro ya ƙi ci ba. Kwantar da shi take yi a cinya, ta tara tafin hannu a bakinsa, ta zuba kunu, ta toshe masa hanci. In ya buɗe baki neman numfashi, kunu ya wuce. Ɗura ke nan, kuma da ita aka reni Asma'u da ƙannenta kaf.

Makon jiya tari ya sarƙe yaron har da zazzaɓi. Likita ta nuna wa Asma'u da Lukman hoton ƙirjinsa, ta ce abinci ne ke bin hanyar iska, kada a ƙara tilasta masa, don wani karon ba lallai a ci sa'a ba. Asma'u ta dawo gida ta ce wa Inna sanyi ne, a ɗaga masa ƙafa har ya warke. Ta yaya za ta dubi tsohuwar da ta baro ɗakinta, ta hau jirgi tana salati, ta ce mata hannunki ne? Da safen nan tana saka takalmi ta ji Inna na cewa maigidan nata ya warke amma ya rame, yau da azahar sai ya sha kunu ko yana so ko ba ya so. Asma'u ta yi kamar ba ta ji ba, ta ja ƙofa.

Ta dubi agogo, azahar ta kusa. Ta kira Inna, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Inna ba ta taɓa waya in hannunta da aiki.

"Tashi zan yi," ta ce.

"Zuwa ina?" Lukman ya yi ƙasa da murya. "Ma'u, ko sauran abincin ba a kawo ba. Saboda mu matar nan ta yi wannan hidimar."

"Inna za ta yi wa Isufu ɗura."

"Ba kin ce kin gaya mata ba?"

Ta sunkuyar da kai. Fuskar Lukman ta canza, ya ce ta tafi, shi zai san abin da zai faɗa. Madam Lin ta tambaya ko hantar ce ba ta yi mata ba.

"Ka ce mata ta yi daɗi," in ji Asma'u. Abin haushin shi ne gaskiya ta faɗa.

Tasi ta maƙale a cunkoson bakin tashar jirgin ƙasa. Asma'u ta kira, ta sake kira. Maiƙon hantar ya lulluɓe mata harshe, ta kurɓi ruwa, ta ƙara kurɓa, yana nan. Tsoro ya kama ta, ga jin haushin kanta da ya fi tsoron.

Tun daga bene ta jiyo kukan Isufu. Kukan bai firgita ta ba. Da ya yanke ɗif ne ta haura da gudu, ta banka ƙofa.

"Inna, bari!"

Tun da take ba ta taɓa ɗaga wa Inna murya ba. Hannun tsohuwar ya saki hancin. Isufu ya ja iska, ya fashe da tari, kunu na dalala ta gefen bakinsa.

"Ke, lafiyarki? Ko sallama babu?" Inna ba ta kiran sunanta, 'yar fari ce.

"Ba sanyi ba ne, Inna. Likita ta ce ɗurar ce ta kwantar da shi, kunun huhunsa yake shiga. Ni na ɓoye miki."

Inna ta dube ta. "Wato ni na kwantar da shi."

"Ban ce haka ba."

"Da wannan hannun na raya ki." Ta goge tafin a zani, ta miƙo yaron. "Ga ɗanki."

Asma'u ta zauna a tabarma, ta jijjiga shi har tarin ya lafa, sannan ta ɗauko cokali. Isufu ya datse baki ya kau da kai. Ta bi shi ta ɗaya gefen, ya ture cokalin. Tana jin haƙarƙarinsa a tafin hannunta, siri-siri. Ta yi masa wasa, ta yi waƙa, ta roƙe shi, yaron ko a jikinsa. Kunu yana hucewa, Inna tana zaune a gefe.

Can sai Asma'u ta farga ta danne hannayensa da gwiwar hannunta, yatsunta biyu sun kama hanyar hancinsa. Babu wanda ya taɓa koya mata. Ta tsaya cak, ta ɗago ido, ta tarar Inna ma yatsun take kallo.

Ta ajiye cokalin.

"Ya ƙoshi," in ji Asma'u.

Su biyun sun san bai ƙoshi ba. Inna ta jawo kofin, ta rufe shi da murfi don kada ya ƙarasa hucewa, sannan ta tura shi gefen Asma'u, inda hannunta ita Inna ba zai kai ba.